Baƙin Tukunya a Ƙafar Ya Falmata

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, wani ya sani wani bai sani ba. Ni Yagana, haifaffiyar Fagge, zan faɗi jinyar yayata Falmata tun daga sartse har zuwa sanda. Ba don a ji tausayinta nake faɗa ba. Ta riga mu gidan gaskiya, tausayin da aka hana ta tana raye ba ta bukatarsa yanzu. Ina faɗa ne don wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Kakanninmu Barebari ne, fataucin kanwa ya kawo su Kano, suka sauke kaya a Fagge ba su sake ɗauka ba. Ya Falmata ta girme ni nesa, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gida ba, sai ta dawo gidanmu ta kafa tandar waina a ƙofa, bakin hanyar da ke fita Sabon Gari. Lokacin Turawa na nan, ana ta maganar mulkin kai ba a samu ba tukuna. Leburorin reluwe, 'yan dakon gyaɗa, har telolin Ibo da ke haurowa daga Sabon Gari, kowa a gabanta yake tsugunawa da safe. Ni kuma aurena ya mutu, ina zawarci, ni ke daka ni ke wankin tasoshi. Tandar nan ita ce cinmu, ita ce suturarmu. Amma a wajen Yaya ta wuce haka. Takan ce muddin mutane na cin abin hannun mace, to ba ta zama kaya a wuyan kowa ba.

Da damina abin ya fara. Tana faskara wani jiƙaƙƙen itace da ya fara ruɓewa, sartse ya shige mata a sama da idon sawu. Na cire mata da allura, muka manta. Can bayan watanni sai ga ɗan ƙurji a wurin, mai tauri, ba zafi sai ƙaiƙayi. Bai fashe ba, bai baje ba. Ya yi ta faɗi a hankali yana yin gurje-gurje kamar bayan kwaɗo, a samansa ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. Yaya ta sauke zani ta rufe, ta ci gaba da suyarta.

Akwai ƙanwar mahaifinmu a gidan, Gwaggo Zara, ita ce babba, ba a ƙetare maganarta. Ta duba ƙafar ta ce ciwo ne mai tafiya, dole a ɗaure shi. Aka kira wanzamin unguwa. Ya zagaye ƙurjin da tsaga ƙanana ƙanana, ya kankaro baƙin tukunya ya kwaɓa da man shanu, ya cusa a cikin kowace tsaga da ɗan yatsa. Haka ake yi a wajenmu, ko tsagar fuskata da baƙin tukunya aka cike ta, ban ga abin tuhuma ba. Ya ce ya yi wa ciwon shinge, ba zai tsallake ba. Ya karɓi zakara ya tafi. Ciwo kuwa bai san an yi shinge ba, kafin bazara ya tsallake ya kai faɗin tafin hannu.

Wadda ta fara maganar asibiti Madam Uju ce, wata 'yar Ibo mai sayar da mai a kasuwar Sabon Gari. Wajenta Yaya ke sarin man gyaɗa shekara da shekaru, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Wata rana zani ya zame ta ga ƙafar, ta riƙe baki. Ta ce wannan ya fi ƙarfin wanzami, ta kuma yi alkawarin rufe rumfarta ta raka mu. Allah ya saka wa matar nan, ko ina take.

Gwaggo ta yi tsalle ta dire, ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da ta ga Yaya ta nace, sai ta ce to sharaɗi ɗaya: asibiti matattarar cuta ce, ba za a shiga da ciwo a buɗe ba, sai an sake ɗaure shi. Ana gobe za mu tafi, wanzami ya dawo. Wannan karon har tsakiyar ciwon ya tsattsaga, ya dama baƙi ya dura, ya murza sai da wurin ya koma kamar gindin tukunyar tuwo. Da wannan ƙafa muka tafi wurin likita, muna ganin mun yi dabara.

Layin asibiti ba sai na faɗa ba, wanda ya je ya sani. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, ba mu ga ma'aikaci ba sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Wani mai farar riga ya ɗaga zanin da bakin alƙalami, bai ko taɓa ta ba, ya ce mu koma wancan benci na gindin darbejiya, za a fara kankarar kunnenta a duba. Ba mu san bencin su waye ba sai da muka zauna. Ashe ranar raba ƙwayar kutare ce, kuma layinsu ke nan. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. A banza. Wani ɗan garuwa da ke kawo mana ruwa kullum ya zo wucewa da tulunansa, ya gan mu, ya ce sannunku, ya ƙara sauri.

Kunnen da aka kankara don neman kuturta ba a ga komai a ciki ba. Daga nan aka kai mu wajen likita, wani Bature dogo mai jan wuya, da tafinta a tsaye kusa da shi. Ya yi faɗa a kan baƙin da ya gani, ya sa aka wanke, amma abin da ya shige cikin tsoka ruwa ba ya fitar da shi. Ya ce zai yanki 'yar tsoka daga tsakiyar ciwon a kai ɗakin gwaji, a rina ta a duba a madubinsu mai ƙara girman abu. Aka yi mata allura aka yanka, bai kai ƙwayar wake ba, aka jefa a kwalba.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Baki shi ke yanka wuya, wallahi na gani da idona. Washegari Yaya ta hura wuta kamar kullum, rabin masu zuwa suka bi ta tsallaken hanya suna kallon sama. Sati na zagayowa, wanda ya zo ma da kwanonsa yake zuwa, ya ce in zuba masa ni, kada ita. Wani telan da ya yi shekaru yana cin bashinta ya ce a ajiye masa canji a ƙasa. Ƙullu ya dinga kwana yana tsami muna ba awaki. Na fita na yi ta zagi a ƙofar gida, na ce an duba kunne ba kuturta ba ce, wanda ya ce ita ce Allah ya nuna masa a jikinsa. Sai suka ce ai ga shi nan, zafin rai ma alamar gidan kutare ne.

A cikin gida kuma, Gwaggo da kanta ta ware wa Yaya ƙwarya da ludayi da buta, ta ɗaura musu jan zare. Ta ce ba don komai ba, don hankalin mutane ya kwanta. Yaya ta karɓi ƙwaryar ta shiga ɗaki, ni na yi kukan a madadinta.

Muka yi ta sintiri asibiti, yau a ce sakamako bai fito ba, gobe a ce likita ya tafi rangadi. Ranar da ya fito, tafinta ya gaya mana a tsaye. An duba, ba a ga komai ba sai baƙin tukunya cunkus a cikin tsoka da kumburin da ya jawo. A daina zuba ƙazanta, a shafa wannan shuɗin magani, in bai warke ba a dawo a sake yanka. Shi ke nan. Ba su ce kuturta ce ba, ba su kuma ce ga abin da yake ba. To me zan je in gaya wa Fagge? In ce likita ya duba ya ga gindin tukunya?

Gwaggo ta samu abin da take so. Ta ce sun yanki naman 'yar mutane sun ajiye a kwalba, Allah kaɗai ya san abin da za su yi da shi, yanzu kuma suna neman ƙari. Ita ma Yaya ta rantse ba za ta sake taka wurin ba. Ta ce da ƙafarta ta je da mutuncinta, ta dawo babu. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

Daga nan sai jinyar gida, kuma kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu ne na masu baƙin cikin ciniki, wancan ya ce ta taka sawun iska. An wanke da sassaƙen maɗaci, an ɗaura ganyen tumfafiya, an sha rubutu har cikinta ya ƙi karɓa. Wani mai magani daga ƙauye ya ce sai an yi lalas. Aka sa ƙarfe a wuta ya yi ja, maza biyu suka danne ta, ni na riƙe kanta a cinyata. Ƙaurin naman yayata na shaƙa a ranar, na yi wata ban iya cin tsire ba. Tasoshinta na aure suka tafi ɗaya bayan ɗaya, murjaninta ya bi, awakin ma da ke cin ƙullu aka kora su kasuwa. Tanda kaɗai ta hana a taɓa. Ta sa na kife ta a ƙarƙashin gadonta, lokaci lokaci ta ce in fito da ita in shafe ta da mai kada ta tsage.

Damina ta sake zagayowa, ta wuce. Wurin ƙunar bai warke ba, ya zama gyambo, gurje-gurjen kuma suka haura ƙwauri suna neman gwiwa. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, tana ruwa tana wari. Ni ke wankewa safe da yamma, ina kore ƙuda da mafici. Masu zuwa dubiya daga bakin ƙofa suke cewa ya jiki, hanci a cikin mayafi, su juya. Wanzamin da ya yi shinge kuwa ko sau ɗaya bai leƙo ba.

Da zazzaɓi ya kama ta har ta fara kiran sunan marigayi mijinta, na ruga Sabon Gari wajen Madam Uju. Ba ta ce ai na gaya muku ba. Ta ɗauko hayar amalanke, ta zo da kanta. Gwaggo ta tare ƙofa, na ce mata: "Gwaggo, ki matsa. Kin ɗaure ciwo sau biyu, yau ni zan kwance." Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta matsa.

Wancan likita ya tafi, wani muka tarar, gajere mai gilashin ido, shi ma Bature. Aka ba Yaya gado, aka yi ta yi mata allurai har zazzaɓin ya sauka. Ya daɗe yana duba ƙafar, ya tambayi me aka zuba, yaushe aka zuba, na faɗa masa duka. Sai ya nemi sabon tsiro can kusa da gwiwa, inda askar wanzami ba ta kai ba, daga nan ya yanka. Ya ce akwai wani sabon rini da suka samu wanda ba su da shi a da.

Ranar da ya kira mu, bai bar tafinta ya sallame mu a tsaye ba, wannan kam na yaba masa. Ya sa aka turo Yaya a keke har ɗakin gwajin, ya ɗora wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubi, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko jan haske kawai na gani. Can sai na gan su, wasu 'yan ƙulalai a tattare, launin ƙasa-ƙasa, kowanne da tsaga a tsakiya, gefensu ya sha rini ya yi ja. Tafinta ya ce likita na cewa su a ƙasarsu tsofaffin kwabbai suke kwatanta su da su. Wani irin fumfuna ne, dangin wanda ke fitowa a ruɓaɓɓen itace, sartse ke shigar da shi jiki. Ya faɗi sunansa da Turanci, dogo, bai zauna mini ba. Abin da ya zauna mini shi ne da ya ce baƙin tukunya ba ya shan rini, yadda ya shiga baƙi haka yake zama, amma wannan abu yana sha, da haka ake raba su.

Sai ya ɗauko gilashi na biyu. Ashe tsokar farko ba su jefar ba, suna daskarar da ita cikin wani abu kamar kyandir su ajiye. Ya sake yankowa ya rina da sabon rinin. Na leƙa, baƙi ko'ina kamar an watsa gawayi. Ya ce in duba gefen hagu da kyau. Suna nan, guda biyu ko uku, a laɓe cikin baƙin wanzami.

Ya ce da an gan su wancan karon, faɗin tafin hannu za a yanke a yi faci da fatar cinya, ta koma gida da ƙafarta. Yanzu ruɓar ƙuna ta ci ƙashi, ba su da ƙwayar da ke kashe wannan fumfuna, in ana son ranta sai an cire daga gwiwa.

Na zauna a ƙasa daɓas. Yaya kuwa ba ta tambayi ƙafa ba. Ta ce wa tafinta: "Tambaye shi, ana iya cin abin hannuna?"

Likita ya ce ba kuturta ba ce, ba ta taɓa zama kuturta ba, kuma ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum. Ya ce ko yau ta soya zai ci. Rabon da in ga haƙoran Yaya tun kafin lalas, sai ranar. Ta ce to a yanke.

Aka yanke. Aka ba mu ƙafar a naɗe a farin ƙyalle, maza suka kai maƙabarta suka binne. Ta yi watanni a gadon asibiti, ni ina kwana a baranda da sauran masu jinya. Dungun ya warke sarai, ciwon bai dawo ba, wannan gaskiyarsu ce kuma na gode musu. Amma bencin da suka zaunar da mu a kai ranar farko, har gobe ban yafe ba. Wani kafinta a Sabon Gari, ɗan'uwan Madam Uju, ya sassaƙa mata sanduna biyu na hammata bai karɓi ko sisi ba.

Tun kafin a sallame ta na bi gida gida a Fagge ina faɗin abin da na gani da idona a madubi. Wasu su ce Allah sarki, wasu su ce to madalla. Na ɗauka sun ji. Ranar da amalanke ya sauke ta a ƙofar gida, zani a naɗe inda ƙafa take a da, sai na ji wata maƙwabciya na cewa 'yar'uwarta, ba ta ko rage murya ba, ai ga shi ta fara guntulewa, saura yatsu.

Ban gaya wa Yaya ba. Ita ta riga ta sa an jiƙa shinkafa. Madam Uju ta aiko da mai kwalba guda ta ce sai an yi ciniki. Na daka, na tankaɗe, ƙullu ya tashi yadda ake so. Da safe na kafa mata kujera 'yar tsuguno, ta jingine sandunan a bango, ta hura wuta. Hannun nan bai manta komai ba. Ƙamshi ya cika hanya har tsallake.

Leburori suka zo wucewa, suka rage tafiya, suka dubi tanda, suka dubi sanduna, suka wuce. Madam Uju ta zo ta saya, ta tsaya a tsakiyar hanya tana ci don kowa ya gani. Aka ce ai ƙawarta ce, kuma ita ta ba da man. Waina ta taru a kwano ta huce, Yaya na ta zuba wani ƙullun tana juyawa kamar akwai layi a gabanta.

Hantsi ya yi sai ga kutare uku masu bara sun biyo hanyar za su kasuwa, da wani dattijo a gabansu. Sun ji labari, sun zo gaida sabuwar 'yar'uwa. Dattijon ya tsaya ya ƙare mata kallo, girarta, kunnenta, yatsunta a kan cokali. Ya girgiza kai.

Ya ce: "Baiwar Allah, wa ya ce ke tamu ce? Wallahi ke ba tamu ba ce. Zuba mana ta kwabo uku, saya za mu yi."

Duk faɗin Fagge, su kaɗai suka gaskata likita. Yaya ta zuba musu har da gyara. Suka zauna nan gindin bango suna ci suna sa mata albarka. Na ɗaga kai, sai na ga unguwa duk ta fito, maza a bakin zaure, mata na leƙe ta katanga, ana nuna mu da baki. Wanda ke da sauran shakka a ransa, ranar ta fita: ga kutare sun zo wajen 'yar'uwarsu.

Yaya ma ta gani. Ta jira har baƙinta suka cinye suka yi godiya suka tafi. Sannan ta ɗauki butar ruwa ta tuttula a murhu.

Ta ce: "Yagana, kai tandar nan kasuwa. Kada ki ce tawa ce, ba za a saya ba."

Na kai ta Sabon Gari, can ƙarshen kasuwa inda ba a san ni ba, na ce ta wata mata ce da ta rasu. Yaya ta yi shekaru bayan nan a ɗaki, tana cin abin da na samo a ƙwaryarta mai jan zare. Allah ya jiƙanta, ya sa jinya ta zama kaffara. Ku kuma, in ciwo ya ƙi warkewa, ku kai shi yadda Allah ya fito da shi, kada ku zuba masa komai.